Minti 25 a kan kiɗa ɗaya: gwaninta ce ko jan rai?

Ɗan Mabera: Jama'a, wanda bai je bikin jiya a Arkilla ba ya yi asara. Masu jitar nan da aka ɗauko daga Nijar sun riƙe kiɗa ɗaya kusan minti 25, ba su san inda zai kai su ba, mu ma haka. Can tsakiya wani mai kalangu na nan gida ya shiga, ya matse shi a hammata, kalangu ya yi magana, mai jita ya runtse ido ya mayar masa da ita daidai. Tsigar jikina ta tashi. Ni dai na tsaya a kan cewa kiɗan da ake ƙirƙira a gaban jama'a ya fi duk wanda aka haɗa a situdiyo.

'Yar Runjin Sambo: Yaya, ina wurin fa. Farkon ya yi daɗi, daga baya na rasa inda aka dosa. Baiti biyu suka rera, sauran duk kaɗa waya, mu kuma muna tsaye da kuɗin liƙi muna jiran a ambaci amarya. Waƙa ai magana ce.

Kawu na Kanwuri: Ɗiyata, wanga abu ba baƙo ba ne a ƙasar Sakkwato. Narambaɗa da Ɗanƙwairo da kotso, Jankiɗi da taushi a fadar Sarkin Musulmi, duk haka suka yi. 'Yan amshi na riƙe da gindin waƙa, jagora na ƙara mata ɗiya, wato sabbin baitoci, gwargwadon wanda ya shigo fada da abin da aka ba shi. Shi ya sa za ki ji waƙa ɗaya a kaset biyu, ba su zo daidai ba.

'Yar Runjin Sambo: Allah shi ƙara girma Kawu, ai ka goya mini baya. Su kirari da zambo da habaici suke ƙarawa, kana fita da abin da za ka maimaita. Me zan maimaita daga na jiya?

Ɗalibi a Jami'ar Ɗanfodiyo: Anti, akwai masu zuwa don kiɗan kansa. A Amurka ƙungiyar makaɗa ta Grateful Dead ta yi wasa sama da 2,000 daga 1965 zuwa 1995, kuma ta bar masoya su naɗi wasanninta su yi musaya, don kowane dare daban yake fitowa. Amma Yaya ya zarce da cewa ya fi duka. Wani daren ya kama, wani daren ya watse.

Mai haɗa sauti: Ni da nake bayan lasifika kusan kowane mako zan faɗa muku abin da ya taɓa zuciyar Ɗan Mabera. Yawancin mawaƙan biki yanzu filashi suke miƙo mini, na kunna, su bi da baki. In janareta ya tsaya, waƙa ta mutu. Jiya da wuta ta ɗauke, mai ganga da mai kalangu ba su ko ɗaga kai ba, jama'a suka riƙe da tafi har ta dawo.

Ɗan Mabera: To kin ji, ƙanwata.

'Yar Runjin Sambo: Wannan wurin ni ma na tafa, ban musa ba. Amma a bikin ƙanwata bayan Sallah zan gaya musu tun farko: a fara wasa amarya da dangi, in ya so su ja kiɗansu har asuba.