Taƙaitawar shawarwari kan zuwa Yankari

Ga abin da na tsinto daga doguwar tattaunawarmu kan ziyartar gandun namun daji na Yankari da ke jihar Bauchi, domin masu shirin zuwa.

1. Hanya: daga Bauchi a bi hanyar Gombe, a karkata a Dindima zuwa ƙofar Mainamaji. Daga ƙofar zuwa sansanin Wikki akwai sauran tafiyar sama da kilomita 40, don haka a cika tanki tun daga gari, kuma a riƙe tsabar kuɗi.

2. Ruwan ɗumin Wikki: kowa ya yarda shi ne kan gaba. Ɗuminsa digiri 31 ne, rani da damina. Kusa da gindin dutsen da yake ɓuɓɓugowa ya fi zurfi, kada a saki yara can.

3. Lokaci: nan aka rabu. Masu neman giwaye da ɓauna sun ce Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe, dabbobi suka taru bakin kogin Gaji. Wasu sun ce zafin ya yi yawa, gara hunturu. Ni dai hujjar farko ta fi gamsar da ni.

4. Bika: ɓarayi ne na gaske. Leda a hannu ko taga a buɗe, an gama. Kada a ba su abinci.

5. Ƙudan tsando na bin baƙin kaya da shuɗi. A sa masu haske, masu dogon hannu.

6. Kogunan dutse na Marshall da tsoffin rijiyoyin Dukkey: sai da ɗan jagora, kuma da damina hanyar kan gagari ƙaramar mota.