Musayar Baituka: Taragon Alfarma na Attajiran Amurka

Ɗan Dogo:
Salamu alaikum. Na buɗe fage da amsa-amon "go". Mai ƙarfin amsawa ya amsa.

Ku matso in yabi gwanin ƙira,
George Pullman, maƙerin Shikago.
A 1867 ya kafa kamfani,
Ya ɗauki gida ya aza kan dogo.
Ga falo, ga kicin, ga wurin wanka,
Gado da labule kamar na ango.
Mai kuɗi ya biya a ɗaura nasa
A wutsiyar jirgi, shi kaɗai har zango.
Henry Ford ya yi nasa a 1921,
Fair Lane, sunan gidansa ya ba tarago.

'Yar Tasha:
Yaya, ka yabi gado da labule,
Ka ƙi faɗin mai shimfiɗa bargo.
Baƙaƙen fata, 'yantattun bayi,
Su ya ɗiba aiki, su ne jigo.
Fasinja na minshari, suna goge takalmi,
Nasu barcin gyangyaɗi ne a jikin bango.
Kowannensu "George" ake kiransa,
Sunan yanka an bar shi a kango.
Sai 1925 da Philip Randolph
Suka ɗaura ɗamarar ƙungiyar ƙwadago.
Shekara 12 ana ja-in-ja
Kafin kamfani ya sa hannu, ba aikin rago.

Ɗan Dogo:
Ƙanwata, kin fasa mini kalangu tun ban ɗumama ba. Na ji, amma ƙira dai ƙira ce.

Tarago mai suna Ferdinand Magellan fa, kin san shi?
Shi ma ƙirar Pullman ne, ɗan Shikago.
A 1942 aka yi masa sulke
Don Shugaba Roosevelt, kar harsashi ya shigo.
Shugaba Truman ya hau shi neman ƙuri'a a 1948,
Yana jawabi daga barandar tarago.
Yana nan Miyami a gidan tarihi,
Je ki shafa, ba ya tsoron zago.

Baba Mai Fitila:
Yara, kun cinye "go" tas, ba ku rage wa tsoho ko ɓargo ba. Zan koma "wa".

Shugaba Lincoln ma an ƙera masa a 1865,
Bai hau shi da rai ba, ya hau shi gawa.
Ya kai shi Springfield aka rufe shi,
A 1911 tarago ya gamu da ƙonewa.
Webster Wagner, abokin gasar Pullman,
Gwani ne shi ma, sanin kowa.
A 1882 wani jirgi ya daki nasu ta baya,
Cikin taragun kamfaninsa ya yi rasuwa.
Shi kuwa Pullman ya gina gari da sunansa,
Ma'aikata na haya, shi ke karɓewa.
Ya zabge albashi, haya na nan daram,
Sai yajin 1894, ɗiyan yunwa.
Shugaba Cleveland ya turo musu sojoji,
Bindiga ta amsa da tsawa.
Da ya cika a 1897 danginsa
Sun ji tsoron a zo tonewa,
Suka zuba kankare da ƙarafan dogo
Suka danne shi a kushewa.

'Yar Tasha:
Allah ya ja kwana, Baba. Ka bar mini ɗaya, kuma a amonka zan saka ta.

Wa ya gaji kujerar Pullman?
Yaya, faɗi da ƙarfi, ban da nonnoƙewa.
Robert ne, ɗan Lincoln mai 'yanta bayi,
Shi 'yan goge takalmi suka koma yi wa gaisuwa.

Ɗan Dogo:
Kai! Ku ba ni zuwa bayan isha'i, kalanguna na wurin ɗinki.