Taƙaitaccen abin da aka tattauna kan koyar da lambu mai tattalin ruwa

Ga abin da na tattaro daga doguwar muhawarar da aka yi kan yadda za a koya wa mutane yin lambun da ba ya cin ruwa da yawa.

1. Kusan kowa ya amince a fara da itatuwan da suka saba da ƙasarmu, irin su gawo, aduwa, magarya, kanya da kuka, domin suna jure fari idan saiwarsu ta kama. An fi yabon gawo, saboda yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen kuma ya zama taki.

2. An ba da shawarar a koya wa mutane tassa, wato ƙananan ramukan da ake zuba wa taki don su riƙe ruwan sama, kamar yadda ake yi a yankin Tawa na Jamhuriyar Nijar. Wasu sun ƙara da binne tulun da ba a shafe ba kusa da shuka, a cika shi, a rufe bakinsa, ruwan ya riƙa tsattsafowa a hankali. Ban ruwa kuwa da sassafe ko da yamma, tare da rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa.

3. Ra'ayi ya rabu kan darbejiya da zogale, waɗanda asalinsu daga Indiya ne. Wasu sun ce a bar su saboda inuwa da abinci, wasu kuma suna ganin darbejiya tana mamaye wurin itatuwan gida. Ni dai ina tare da masu cewa a rage ta cikin lambu.

4. Game da koyarwa, an fi son lambun gwaji a makaranta ko unguwa, kuma a sa mata a gaba, tunda su ke da lambun cikin gida.