"Alhaki kwikwiyo ne": a bakin wa ta dace, a kan wa?

Dattijon Mabera:
Salama gare ku 'yan'uwa. Karin maganar da na kawo mana yau ita ce "Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi." Wasu kan ce "ubangijinsa yakan bi." Ma'anar a fili take: wanda ya cuci wani, ko ya sauya gari, abin da ya aikata yana bin sawunsa. Abin da ya dame ni shi ne inda ake faɗar ta yanzu a Sakkwato: gefen rumfar makoki, barandar asibiti, ko in gobara ta cinye shagon wani a kasuwa. Ba a faɗa wa mai wahalar a ido, raɗa ake yi. To, maganar gaskiya ce? In gaskiya ce, ke nan duk wanda Allah ya bari yana shan wuya, kwikwiyonsa ne ya cim masa?

Katikis Gawon Nama:
Baba, wagga magana gaskiya ce, kuma Littafi Mai Tsarki bai musanta ta ba. Haman ya kafa gungume mai tsawon kamu 50 don Mordekai, shi anka rataye a kai (Esta 7). Gehazi ya bi Na'aman da ƙarya ya amshi azurfa da tufafi, kuturta ta kama shi (2 Sarakuna 5). Galatiyawa 6:7 ta ce abin da mutum ya shuka shi zai girba. Kada mu yar da maganar kakanni don wasu sun ɓata amfaninta. In anka cire ta daga bakin mutane, da mi za a tsorata azzalumi?

Malamin Nazarin Littafi:
Katikis, ban ƙi ayoyinka ba. Amma magana biyu ce ake cakuɗawa. Cewa alhaki yana bin mai shi daban, cewa duk wanda masifa ta bi yana da alhaki daban. Ta farko gaskiya ce. Ta biyu ita ce ainihin kuskuren abokan Ayuba.

Ku dubi yadda suka gangara. Elifaz ya fara da ladabi a Ayuba 4:7-8: wane marar laifi ne ya taɓa hallaka, ai masu noman mugunta su ke girbinta. Bildad ya ƙara gaba a 8:4, ya ce wa mutumin da ya rasa 'ya'ya goma rana ɗaya, 'ya'yan nan zunubinsu ne ya ci su. Da aka kai sura 22, Elifaz ya shiga ƙirƙiro wa Ayuba laifuffukan da bai gani ba: wai ya hana mayunwaci abinci, ya kori gwauraye hannu wofi. Haka abin yake tafiya. In ka riga ka yanke cewa wuya sakayya ce, dole ka nemo laifin, in babu ka ƙaga. A 42:7-9 Allah ya ce ya husata da Elifaz da abokansa biyu don ba su faɗi gaskiya a kansa ba, har sai da suka kawo bijimai bakwai da raguna bakwai, Ayuba ya yi musu addu'a.

Sai Ayyukan Manzanni 28. Maciji ya sarƙafe hannun Bulus a tsibirin Malta, mutanen wurin suka ce lalle mai kisankai ne, ya tsira daga teku amma adalci bai ƙyale shi ba. Wannan ita ce karin maganarmu sak. Da suka ga bai kumbura ba, suka juya suka ce allah ne. Duka biyun kuskure, kuma daga ma'auni ɗaya.

Yesu ma an kawo masa tambayar. A Luka 13 ya ce mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa ba su fi sauran mazauna Urushalima laifi ba, sannan ya juya maganar kan masu sauraro: ku dai ku tuba. A Yohanna 9 almajirai suka tambaya ko zunubin wa ya sa aka haifi mutum makaho, nasa ko na iyayensa. Ya ce ba ko ɗaya.

Nas Arkilla:
Malam ya kawo Yohanna 9, bari in ƙara abin da wannan tunani ke jawowa a zahiri. Cutar noma, mai cin fuskar yara, ta fi kama 'yan shekara 2 zuwa 6 da ke fama da tamowa, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Tana farawa da kumburin dasashi, jini da warin baki. A wannan mataki maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. In aka bari, cikin mako biyu za ta iya huda kunci, kuma mafi yawan yaran da ba a yi wa magani ba mutuwa suke yi. Asibitin Noma yana nan cikin garin nan tun 1999. Amma uwar da ta ji ana cewa alhakin kishiya ne ko na wani da ta cuta, ɓoye yaron take yi a ɗaki, ko ta tafi neman a karya abin. Kwanakin da za a cece shi ke nan suke wucewa.

Haka kuturta. Ƙwayar cuta ce, maganinta wata 6 zuwa 12, kyauta ne, ga asibitin kuturta na Amanawa kusa. Don Allah masu wa'azi, in za ku karanta labarin Gehazi, ku faɗi wannan a gefe, domin a cikin jama'a akwai wanda ke da ɗan'uwa mai ita.

Katikis Gawon Nama:
Na ji ki, 'yar'uwa. Amma Malam, ya za mu yi da Fitowa 20:5, inda anka ce laifin ubanni yana kai wa tsara ta uku da ta huɗu?

Malamin Nazarin Littafi:
A haɗa ta da Ezekiyel 18. Isra'ilawa ma suna da tasu karin maganar: ubanni suka ci 'ya'yan inabi masu tsami, haƙoran 'ya'ya suka mutu. Allah ya rantse cewa ba za a ƙara yin ta a Isra'ila ba, ya ce ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba. Ashe karin magana tana iya yin daɗi a baki, ta tsufa, Allah kuma ya hana ta. Abin da ke gangarowa ga 'ya'ya ɓarna ce, ba laifi ba. Uban da ya shanye kuɗin makaranta a giya, 'ya'yansa za su sha wuya, amma ba su ne masu alhakin ba, su ne aka ɗauki alhakinsu.

Ka kuma lura da wanda ke furta maganar inda ta zauna daidai. A Farawa 42:21 'yan'uwan Yusufu ne da bakinsu suka ce alhakin ƙanenmu ne ya kama mu. Mai laifi ne ya faɗa a kan kansa. Ba ɗan kallo ba.

Ɗan Gabas:
Ku yi haƙuri iyayena, ni ta wani gefe nake kallo. Mutanen Isa, Sabon Birni da Goronyo da 'yan bindiga suka kora daga gonakinsu, Musulmi da Kirista, wannan karin maganar ita ce abin da ya rage musu. Ba kotu, ba diyya. In suka ce alhaki kwikwiyo ne, nufinsu wanda ya yi musu haka ba zai sha ba. Za ku karɓe musu ita ma? Kuma gaskiya kwikwiyon nan yana nawa. Wanda ya ƙona ƙauye yana nan da shanunsa. Me ya sa Allah ke kallo?

Fasto Runjin Sambo:
Ɗana, ba wanda zai karɓe musu. A bakin wanda aka zalunta, maganar addu'a ce, kuma tana da gindi: Romawa 12:19 ta ce ramuwa ta Ubangiji ce. Amfaninta ma shi ne ta cire wuƙa daga hannunsa, ta miƙa shari'ar ga Allah. Wannan bai hana shi kai ƙara ko neman hakkinsa ba. Bulus da aka miƙe shi za a yi masa bulala ya tambayi jarumin soja ko doka ta yarda a doki ɗan ƙasar Roma ba shari'a (Ayyukan Manzanni 22:25).

Batun nawa kuwa, ba kai ka fara ƙorafin ba. Asaf a Zabura 73 ya ce saura kaɗan ƙafarsa ta zame da ya ga mugaye suna ƙiba. Zabura 13 ta ce "har yaushe" sau huɗu cikin aya biyu. Zabura 88 ta ƙare a duhu, ba a gyara ta ba, aka bar ta cikin littafin sujada. Don haka kuka ga Allah ba rashin bangaskiya ba ne.

Me ya sa yake bari? Littafin ya ba da dalilai, ba dalili ɗaya ba. Wata wuyar daga zaɓin mutum take, domin Allah bai yi mu gumaka ba, kuma wanda zai iya ƙauna zai iya ɗaukar bindiga. Wata daga lalacewar halitta ce, Romawa 8:22 ta ce halitta duka nishi take yi, nan ne cuta da ambaliya irin ta Goronyo a 2010 suke shiga. Wata horo ce (Ibraniyawa 12). Wata kuma ba a faɗa ba. Allah ya yi wa Ayuba magana sura huɗu, 38 zuwa 41, bai taɓa gaya masa abin da ya faru a sura 1 da 2 ba. Kuskurenmu mu masu wa'azi shi ne mu ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan mu manna wa mutum, alhali ba mu san wanne ne nasa ba.

Abin da ya hana Kirista auna mutum da wuyarsa shi ne gicciye. Masu wucewa a Matiyu 27 da wannan ma'aunin suka auna Yesu: in Allah yana son sa, ya cece shi mana. Ishaya 53:4 ta riga ta faɗa, mun ɗauka Allah ne ya buge shi, ashe cututtukanmu ya ɗauka. Marar alhaki ne, alhakin wasu ya bi shi da yardarsa.

Dattijon Mabera:
To Fasto, in ba za mu faɗi wannan a gidan makoki ba, "bayan wuya sai daɗi" fa? Ita ai ƙarfafawa ce.

Fasto Runjin Sambo:
Baba, ya danganta da "bayan" da ake nufi. In ana nufin badi, alkawari ne da Allah bai yi ba. A Ayyukan Manzanni 12 an kashe Yakubu da takobi, mala'ika ya fitar da Bitrus daga kurkuku, ikkilisiya ɗaya, sarki ɗaya. A Janairun 2020 an sace ɗalibai huɗu daga seminarin Good Shepherd, makarantar horar da limaman Katolika a Kaduna, uku suka dawo, aka kashe Michael Nnadi, ɗan shekara 18, na Dayosis ɗin Sakkwato. Wa zai ce addu'ar da aka yi masa ta gaza ta sauran? Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherina ya ishe ka. Ko Ayuba, tumakinsa sun tashi daga 7,000 zuwa 14,000, amma 'ya'ya goman da ya binne ba su dawo ba. "Bayan" ɗin Kirista tashin matattu ne (1 Korintiyawa 15), ranar da za a share kowane hawaye (Ru'ya ta Yohanna 21:4). In da wannan nufin ne, faɗe ta, amma ba a ranar farko ba.

Maman Zumunta:
Gara da Fasto ya ce ba ranar farko ba. Karin Magana 25:20 ta kwatanta mai yi wa baƙar zuciya waƙa da mai zuba tsami a kan kanwa. Abokan Ayuba kwana bakwai suka zauna ba magana, nan ne kaɗai suka yi daidai.

Ga abin da ke aiki. Kwana uku na farko: "sannu da haƙuri," "Ubangiji ya ta'azantar da ku," a zauna. Kada a tambayi yadda ya mutu, an gaji da maimaitawa. A zo da ruwan sha, musamman a zafin Maris da Afrilu, da dafaffen abinci ko gawayi, domin baƙi ne ke cinye gidan. In mai makoki ta ce "Allah me na yi maka," kada a yi mata tsawa, kada kuma a amsa. Yesu ya san zai ta da Li'azaru, duk da haka ya yi hawaye.

Inda muke faɗuwa shi ne mako na biyu, lokacin da aka naɗe tabarmi. A rubuta sunayen mata huɗu, kowace ta ɗauki mako ɗaya a wata, har wata uku aƙalla. Kada a ce "in kina bukatar wani abu ki faɗa," ba za ta faɗa ba. A tambaya kai tsaye: yaushe kuɗin haya zai ƙare, yara nawa ke makaranta, dangin miji sun taɓa kaya? In dattawan ikkilisiya ba su shiga batun gado da wuri ba, daga baya sai rigima.

Nas Arkilla:
Ƙari kan na Mama. In an wuce mako biyu mutum ba ya barci, ba ya ci, ya daina wanka, ko yana cewa gara ya bi mamacin, a tambaye shi ƙarara ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa masa tunanin. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da fiya-fiya daga gidan, a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware. Addu'a ta ci gaba, amma kada a sa shi azumi a madadin magani.

Katikis Gawon Nama:
Na yarda ba a faɗa ta a kan mai makoki. Amma a ajin masu shirin baftisma da na matasa zan ci gaba da koyar da ita, kafin su ci amanar wani, ba bayan sun faɗi ba. Malam, mako mai zuwa a kawo mana "wuya ba ta kisa," don ina da ja a kanta.