Abin da masana suka ce kan shaƙar garin ƙwayar rage ciwo

A wata tattaunawa da aka yi da ma'aikatan lafiya, an fi daɗewa kan hanci. Ƙwaya irin tramadol don ciki aka yi ta. Baya ga maganin kansa, akwai sinadaran da ke ɗaure ta, kuma idan aka niƙa aka shaƙa, garin na iya kartar fatar cikin hanci mai laushi har ta yi gyambo. A Amurka likitoci sun ga masu shaƙar hydrocodone (wani maganin rage ciwo mai ƙarfi) haɗe da paracetamol waɗanda guringuntsin tsakiyar hancinsu ya ɓule, wasu har ganda ta ruɓe. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali, domin ramin ba ya rufewa da kansa.

Shawarar da kowa ya yarda da ita: yawan haɓo, ɓawo mai wari, dushewar murya ko jin fito idan ana numfashi, a garzaya wurin likitan hanci da maƙogwaro, a gaya masa gaskiya. Kada a ɓamɓare ɓawon. Wanda jikinsa ya saba kuma kada ya daina rana ɗaya, likita ya rage masa a hankali. Idan numfashinsa ya yi ƙasa kuma bai farkawa, asibiti kai tsaye, akwai allurar naloxone mai karya ƙarfin irin waɗannan ƙwayoyi.