Wane salon haruffa masu sarƙa ya dace da takardar shaida da katin gayyata?

Hadiza M.:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana zane. Aikin takardar shaida ne da katin gayyata na taron hukuma, ana so sunaye su fito da rubutu mai sarƙa irin na alƙalami. Wane salo zan ɗauka, kuma me zan kiyaye kafin a kai wajen ɗab'i?

Malam Bala:
Wa alaikumus salam, Malama. Fara da salon da aka ɗauko daga rubutun hannun Ingila na ƙarni na 18. Snell Roundhand, wanda Matthew Carter ya zana, shi ya fi natsuwa kuma ya fi sauƙin karantawa. Bickham Script na Richard Lipton, na 1997, ya fi shi ado. In na kyauta kike so, Pinyon Script yana shafin intanet na Google Fonts. Zapfino kuwa kyakkyawa ne, amma jelolinsa suna cin wuri sama da ƙasa, sai layi ɗaya tak ya dace da shi.

Sunaye da kanu kawai za ki ba rubutu mai sarƙar. Kwanan wata, adireshi da sauran bayani ki sa su da haruffa tsayayyu irin Garamond. Kuma kada ki rubuta kalma da manyan baƙaƙe zalla, domin an yi su ne don buɗe kalma. In suka jeru, ba mai iya karantawa.

Usman D.:
Ƙari a kan bayanin Malam, inda aiki ya fi lalacewa shi ne mahaɗar baƙaƙe. Kowane harafi an zana shi da siririn zare da zai shiga na gabansa. Da kin ƙara tazara, zaren ya tsinke. Ki bar tazarar a 0. A manhajar zane ta InDesign ko Illustrator, wajen saitin tazarar baƙaƙe ki zaɓi Metrics (a Illustrator, Auto), domin ɗaya zaɓin, Optical, yana matsar da baƙaƙen ya ɓata haɗin. Sannan ki kunna Contextual Alternates, shi ke sauya siffar harafi gwargwadon maƙwabcinsa.

Ƙananan baƙaƙen irin waɗannan salo gajeru ne ƙwarai, girman 12 sai ya zama kamar 8. Ki fara daga 18, sunan mai takarda kuma ya kai 30 ko fiye. Farin rubutu a kan launi mai duhu yana da haɗari: tawada kan bazu ta haɗiye siririn layin. Ki buga gwaji a girmansa na ainihi, kada ki yarda da abin da allon kwamfuta ya nuna miki.

Zainab A.:
'Yar'uwa, ki buga ɓ, ɗ, ƙ da ƴ tun kafin ki zaɓa. Da yawa daga irin waɗannan salo ba su da su, sai manhaja ta aro daga wani salon, ƙ ɗin ya tsaya sandararre a tsakiyar suna. In kuma za a sassaƙa rubutun ko a yanka shi da inji, ki mai da shi zane, ki narkar da mahaɗun da Weld a CorelDRAW ko Unite a Illustrator, in ba haka ba wuƙar za ta yanka duk inda baƙaƙe biyu suka hau juna.