Abin da muka tattauna a fada kan tabaran yara marasa ganin nesa

Jiya a fada nan Maradi an daɗe kan yaran da ba su ganin allo a lakwal. Wani mai aikin ido ya ce ƙwayar idon ce ke ƙara tsawo, tabarau na kullum gyara gani kawai yake, bai tsaida tsawon. Amma akwai sabbi irin MiYOSMART na kamfanin Hoya da Stellest na kamfanin Essilor, tsakiyarsu fes, kewaye kuma ƙananan ɗigo-ɗigo masu tara haske gaban tantanin bayan ido inda hoto ke sauka, shi ke rage gudun tsawon. Sai yaro ya sa shi wuni duka fa, kuma tsada gare shi. Dattijai suka ce kar a sayi na kasuwa ba awo, a kai yaro likita duk wata 6, ya yi wasa waje awa 2 kullum, a rage mishi waya.